Gwajin Kakin 'Yar Fari

Tari ne ɗan ƙarami, irin wanda ake yi baki a rufe don kada a ji. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar ina tsintar shinkafa, sai na jiyo shi daga ɗakin Inna. Inna kuwa ta rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Hannuna ya tsaya a cikin tire. Aka sake yi. Sak irin nata: gajere, gajere, sai shiru, sai ƙarar haɗiye wani abu.

Na san wadda take ɗakin. 'Yata ce ta fari, tana aji huɗu a firamare lokacin.

Inna mahaifiyar maigidana ce. Mu Fulanin gida ne, tun kakanni aka zauna a Mandawari. Shanu sun ƙare, yaren ma saura 'yan kalmomi, amma kunya tana nan yadda aka zo da ita. Ranar da aka yaye yarinyar Inna ta goya ta, ta wuce da ita ɗakinta, shi ke nan. A bayan Inna take kwana, a kwanon Inna take ci. Ban taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole sai na ce "ke", ko na ce wa ƙannenta, "ku gaya wa 'yar Inna." Ita kuma Adda take ce min, kamar yadda ƙannena suke faɗa. Ba wanda ya tilasta min. Haka uwata ta yi da yayanmu, kuma ban taɓa jin ya ce an rage shi da komai ba.

Tarin fuka ne ya yi ajalin Inna, wanda yanzu kowa tibi yake ce masa. An ɗora ta a kan magani, ana karɓo mata a ƙaramin asibitin unguwa, har ta fara cin tuwo da kyau. Sai gari ya rikice. Aka yi ta jin fashe-fashe, aka sa dokar hana fita, aka datse tituna da buhunan yashi. Magani ya ƙare ba hanyar karɓowa. Da hanya ta buɗe Inna ta ce ai ta warke, kada a jefa mata ɗa cikin bindigogi saboda ƙwaya. Tarin ya dawo, aka koma, aka sake yankewa. Daga ƙarshe tana sha kamar ba ta sha.

A shekarun nan tsoro ya zama aikin gida, kamar wanke-wanke. In aka ji ƙara daga nesa sai na leƙa na ga yara suna ciki, na kira babansu a waya na ji muryarsa daga rumfar yadinsa, na koma kan tukunya. Ban cika yin kuka ba. Ko ranar da aka fita da Inna ban yi ba. To haka na ji tarin nan. Na gama tsintar shinkafar, na wanke, na zuba.

Da babansu ya dawo na ce masa, "'Yar Inna tana tari." Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin. Washegari ya aika aka kira Goggo, ƙanwarsa da take aure a Gwammaja. Ita ce ta kai yarinyar asibitin unguwa. Aka ba su 'yar roba mai murfi, yarinyar ta zaga bayan gini ita kaɗai, ta dawo da abin da ta tofa. Aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Goggo ta soya waina muka raba sadaka a lungu.

Tarin bai san an yi sadaka ba. Ni ce mai wanki, don haka ni na fara ganin matashinta a jiƙe da gumi duk safiya. Wandon makarantarta ya fara zamewa. Na rage masa ƙugu ban gaya wa kowa ba, bayan ɗan lokaci na sake ragewa.

Ma'aikaciyar da take bibiyar maganin Inna ce ta tare babansu a hanya. Ta ce tunda na Inna bai ji magani ba, kuma yarinyar a jikinta take kwana, a kai ta babban asibitin da yake wajen ganuwa, an kawo wani sabon gwaji. Goggo a lokacin cikinta ya tsufa, ba ta iya hawa da saukar da ake yi a shingaye. Shi kuma in ya rufe rumfa ba a ci ba. Ba wanda ya ce min "ke za ki". Kawai da safe na ga babu kowa sai ni.

Muka shiga adaidaita, ita a can gefe ni a nan, jakata a tsakaninmu. A kowane shinge sai an sauka, a ɗaga hannu, a taka a ƙasa har a wuce buhunan. Tana tafe a gabana, hannuwanta a sama, tana tari cikin hijabi.

A ɗakin gwajin wata mata muka tarar, doguwa, da tsagen Barebari a kumatunta, ana ce mata Malama. Ta tambayi tarihin tarin na faɗa mata. Sai ta ce, "Mece ce ita a wurinki?"

Na sunkuyar da kai. "'Yar gidanmu ce."

Ta dubi fuskata, ta dubi ta yarinyar, ta yi dariya. "Yau Allah ya haɗa ni da bayina. Hanci ɗaya, goshi ɗaya, wai 'yar gidanmu. 'Yar fari ce ko?"

Rabon da wani ya yi min wasan Barebari da Fulani har na manta. Na ce, "Mu dai ba mu taɓa jin inda bawa ya mallaki ubangidansa ba."

"Za ki ji yau."

Ta ba yarinyar roba, ta nuna mata wani fili a bayan ɗakin. Da ta dawo Malama ta ɗaga robar saitin taga. Ruwa ne fari da kumfa a kai.

"Wannan ai yawu ne. 'Yammata, irin wannan kika bayar a wancan asibitin?"

Ta gyaɗa kai.

"In kika yi tari, ba abin da yake tahowa daga ƙirjinki?"

"Yana tahowa."

"Ina kike kai shi?"

"Haɗiyewa nake. Inna ta ce 'ya mace ba ta kaki a ji ta."

Malama ta ajiye robar. Ta ce wa yarinyar ta je ta zauna a benci a waje, inda iska take. Ta tambaye ni ko na yi makaranta, na ce na gama sakandare, har ina son bayoloji. Ta ce to madalla, ba sai ta sha wuya ba. Ta buɗe wani kwali ta zaro 'yar takarda siririya, ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, fara fat.

Ta ce a da shafa kakin ake yi a gilashi, a rina shi, a leƙa ta madubi. In ƙwayoyin cutar suna da yawa a gan su, in kaɗan ne a wuce su. Kuma ko an gan su, ido ba zai faɗa maka ko masu jin magani ba ne. Sai dai a shuka su a kwalba a zauna jiran su tsiro, mako da makonni, mara lafiya yana ta shan abin da wataƙila ba ya yi masa komai.

"Yanzu fasa su muke yi. Kowace ƙwayar cuta tana da wani zare a cikinta, di-en-e, kin tuna shi? A nan aka tsara duk yadda take. Mu fasa ta, mu fitar da zaren, mu sa a na'ura ta yi ta kwafarsa har ya yi yawa. Sannan mu tsoma wannan takardar a ciki. Kin gan ta kamar ba komai, amma an jera mata wasu guntayen zare a manne, kowanne a gurbinsa. Kowane guntu abokin haɗinsa kaɗai yake kamawa. An yi miki jeren kwanuka da aurenki?"

"An yi."

"Murfin ƙaramin yana zama a kan babban?"

"Ba ya zama."

"To haka. In zaren na tibi ne, zai je ya zauna a gurbin tibi, layi ya fito baƙi. Ga gurbin wadda take jin magani. Ga gurbin wadda ta sauya ta daina ji. Inda layi ya fito da inda ya ƙi fitowa, shi ne amsar, cikin 'yan kwanaki. Amma ni abin da kika kawo min shi zan fasa. In kika kawo yawu, yawu zan gwada miki."

Na ce, "In ta daina ji fa?"

Ta leƙa waje ta ga yarinyar tana nesa, sannan ta rage murya. Ta ce in mai ji ce, ƙwayoyi ne a gida, wata shida. In ba mai ji ba ce, sai an kwantar da ita a wani asibiti na musamman a wani gari, allura kullum har watanni, da magunguna bayan nan. Ta ce allurar tana da ƙarfi, wasu tana taɓa musu kunne, kuma in ta taɓa ba ya dawowa.

Na ce to. Na lura igiyar takunkumin fuskarta ɗaya ta tsinke ta ƙulla ta. Abin da na yi ta kallo ke nan.

Ta ba ni sabuwar roba ta faɗa min yadda za a yi. Da sassafe kafin ta ci komai, ta kurkure baki da ruwa. A fili, ba a ɗaki ba. Ta shaƙi tururin ruwan zafi, ta ja numfashi mai tsawo, wani ya tsaya a bayanta yana bubbuga mata. A rufe robar sosai, a sa a sanyi, a kawo a ranar.

"Kuma ke za ki yi, baiwata. Kar ki aiko min da wata goggo."

Bayan sallar asuba babansu ya ɗauki carbinsa ya koma zaure ya ja ƙofa. Ban ce masa ya fita ba, shi ma kunyar yake ji. Na tafasa ruwa na juye a baho, na zaunar da ita a gindin rijiya na lulluɓa mata zani kamar mai sirace. Da na yaye zanin fuskarta tana ɗigar ruwa. Na zaga bayanta. Na ɗora tafin hannuna.

Rabon hannuna da bayan nan tun tana shan nono. Ƙasusuwan suna jere a ƙarƙashin rigar kamar haƙoran mataji, ga zafi. Na yi bismillah na fara bubbugawa.

Ta yi tari, na ji abin ya taso, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye.

Na ce, "Kar ki haɗiye."

Ta sake yi, ta sake haɗiyewa. Ba taurin kai ba ne, jikinta ne ya saba. Idonta yana kan ƙofar ɗakin Inna. Ruwan yana hucewa, gari yana wayewa, maƙwabta sun fara jan guga.

Sai na zago gabanta. Na ce, "Dube ni." Na ja numfashi, na kankaro maƙogwarona da ƙarfi irin na tsofaffin maza a bakin masallaci, na tofar a kwata. Ni da ko atishawa a gidan nan sai na toshe hanci. Na tabbata an ji har zaure.

Ta zaro ido. Sai dariya ta ƙwace mata. Dariyar ta juye ta zama tari, tari mai zurfi da ya lanƙwasa ta, na tara robar a bakinta da hannu ɗaya, ɗayan yana bayanta. Ya fito. Mai kauri, ruwan ɗorawa, da ɗan siririn jini a jiki. Na rufe, na murɗa murfin har ya yi ƙara. Na ba ta ruwa ta kurkure baki. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Na karɓi ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu mai zoɓo, ban faɗa mata ta mece ce ba. Na sa robar a leda, na sa a ƙaramar kular abinci, na zuba ƙanƙarar a gefe. Da zan fita na rungume kular a ƙirjina ta cikin hijabi. Lungunmu ba a wucewa da kula ba a tambaye ka wa ke kwance ba, kuma in aka ji tibi ba yaron da za a sake bari ya zauna kusa da ita a islamiyya. Wannan kawai nake tunani.

Na san abin da ake ciki a garin. Kowa ya san an fara ɗaura wa 'yammata abubuwa a ciki ana tura su cikin taro. A rediyo na ji, na yi musu addu'a, na yi wa waɗanda suka rutsa da su. Amma ban taɓa haɗa wannan da kaina ba. A shingayen hanya na riƙe kular a hannu, aka leƙa aka ga ƙanƙara aka bar ni. Da na sauka a bakin asibitin na hango wata 'yar unguwarmu a layin shiga, sai na mayar da ita cikin hijabi.

Tsawa na ji da Turanci. Kafin na gane da ni ake, layin ya watse. Mata suna jan 'ya'yansu, mai lemo ya bar tirensa. Soja biyu sun durƙusa a bayan buhuna, bakin bindigoginsu yana kallona. Wani dattijo mai gadi ya leƙo daga bayan ginshiƙi yana fassara min.

"Hajiya, ki tsaya inda kike. Ki fito da hannunki a hankali. Ki ajiye abin a ƙasa."

Na ajiye.

"Ki ɗaga hijabinki sama. Ki juya."

Na ɗaga har wuya, na juya a gaban maza, da rigar atamfata da ta jiƙe da ruwan ƙanƙara. Na ji ina karanta abin da ake karantawa, amma kamar bakin wata ne. Abin da yake raina shi ne rana tana dukan kular.

"Wai ki buɗe. Mene ne a ciki?"

"Abin gwaji ne, Baba."

"Wai na wane ne?"

Tsakaninmu da nisa, sai an ɗaga murya. Na ce, "Na 'yata ne."

"Wai ki buɗe 'yar robar ma."

"An ce kar a buɗe. Tibi ake zato."

Ya faɗa musu. Kalmar ta bi bakin mutane. Waɗanda suka fara matsowa suka sake ja da baya, har 'yar unguwar tamu. Ɗaya daga cikin sojojin ya miƙe ya kaɗa min bakin bindiga alamar na wuce. Na sauke hijabina, na ɗauki kular, na shiga. Na yi ta jiran jikina ya fara rawa, bai yi ba.

Malama ta ɗaga robar saitin taga. "Yauwa. Wannan shi ne kaki. Ashe Fulani suna da ƙirji." Na ba ta labarin bakin ƙofa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma daga gabas ta taho, shanyarta tana kan igiya ta bar gidan, ba ta koma ba. Ta sa robar a firji ta ce za ta kira ni.

Kwanakin jiran ban riƙe komai a cikinsu ba. Na buɗe tagar ɗakin Inna da aka toshe da kwali tun da daɗewa. Na shanya katifar. Na raba ƙannenta da ɗakin. Maƙwabciyata ta aiko a karɓar mata kofin da ta taɓa ara mana. In na yi sujada sai na rasa abin da zan roƙa. Tibi dai na riga na san akwai, na gani a robar. Sai na ce, Allah ka sa mai jin magani ce, na kuma ji nauyin ina zaɓar wa 'yata cuta.

Ranar da Malama ta kira, na je ni kaɗai. Ina shiga ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Zauna." Ba baiwa, ba Fulani.

Ta ɗauko 'yar takardar, yanzu ba fara ba ce. Layuka ne baƙaƙe a jere kamar matakalar tsani. Ta nuna da bakin biro ba tare da ta taɓa ba.

"Wannan ya ce tibi ce. Nan kuma ya kamata a ga layi, babu. Nan ƙasa bai kamata a gani ba, ga shi. Haka a manyan magungunan biyu."

"Irin ta Inna ce ke nan."

"Irinta ce."

Na ce inna lillahi. Na ci gaba da kallon takardar. Layukan sun fito tsaf, ba wanda ya karkace. Malama tana cewa gara da aka sani yanzu, ba a ɓata watanni ana ba ta abin da ba zai yi ba, kuma yara suna warkewa, ta ga waɗanda suka warke. Ta ce likita zai yi mana bayanin tafiya. Ina jin ta. Na tambaye ta ko zan iya tafiya da kulata, don a nan na bar ta ran nan. Ta ɗauko min, an wanke ta.

A gida babansu ya saurara har na gama, yana murza hularsa a gwiwa. Ya ce asibitin mace ɗaya suke bari ta yi jinya. Bai dube ni ba ya ce, "Ke za ki bi ta." Goggo ta zo da cikinta a gaba ta ce za ta riƙe ƙananan. A zaure suka tsaya ita da yayanta suna magana, ita kuwa Goggo ba ta iya magana a hankali ba.

Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, ina ɗakina ina ninke kaya. Na haɗa nawa da nata a jaka ɗaya, don babu ta biyu. Sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Ba ta saba shigowa ɗakina ba, kuma an ce mata ta riƙa tsayawa inda iska take, don haka a dokin ƙofa ta zauna. Alƙur'aninta na islamiyya yana kan cinyarta, ta sa yatsa a tsakiya. Ta yi tari, ta juya ta tofar a gwangwanin da na ba ta, ta rufe.

Ta ce, "Adda, ki biya min sauran surorin yau, in ji yadda ake faɗa. Goggo ta ce allurar tana toshe kunne."